Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta masu lambun furanni a Legas, na bana

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, shugaba da sauran 'yan uwa na Ikoyi da Lekki da Ikeja, ga rahoton shekara kamar yadda aka saba.

Taron wata-wata bai yanke ba sai lokacin da ruwa ya yi yawa, adashe kuma ya zagayo lafiya, lissafin kuɗi ma'aji zai karanto shi da bakinsa ranar taro.

Babban aikin bana dai shi ne na tantance furanni masu albasa a gindi. Kowa ya san damuwar, in ganye ya bushe duk kawunan kama ɗaya suke, kwastoma ya ce a ba shi amaryllis sai yaro ya ɗauko abin da hannu ya kai, in ya yi fure a dawo ana faɗa. Shi ya sa muka roƙi wata malama mai nazarin tsirrai, Allah ya saka mata, ta zo da madubin likita ta karkaɗe garin nan rawaya da ke tsakiyar fure a kan gilashi muka bi layi muna leƙawa, wallahi har dattawa sai da suka nemi a maimaita.

Garin albasar kwaɗi, wato Crinum, kowace ƙwaya tsaga biyu gare ta, jikinta da 'yan ƙayoyi ƙanana. Shi kuwa jan furen da muke ta kira amaryllis ƙwayar garin furensa tsaga ɗaya ce, bayansa kamar raga, ainihin sunansa Hippeastrum kuma daga Kudancin Amurka ya fito. Amaryllis na gaskiya ɗan Afirka ta Kudu ne, garin furensa irin na albasar kwaɗi ne sak don reshensu guda a dangin tsirrai. Hatta albasa da tafarnuwar da 'yan uwanmu ke saukewa a kasuwar Mile 12 ƙwayar garin furensu tsaga ɗaya ce, kuma tun 2009 masana suka haɗa su gida ɗaya da waɗannan furanni. Amma don Allah a ja kunnen yara, dangantaka ba ta sa a ci ba, kawunan waɗannan furanni da guba.

Malama ta ce garin fure reshe yake nunawa, ba lallai ya raba maka iri da iri a cikin reshe ɗaya ba, dole a haɗa da kallon ganye da fure. Ni a ganina ko hakan ya wadatar da mu.

Yanzu an fara ɗaura wa kowace tukunya suna tun tana da fure, 'yan Ikeja sun kusa gamawa, na Lekki a ƙara himma. Baɗi in Allah ya kai mu muna son asusu ya saya mana namu madubin, wanda ke da shawara ya kawo wa sakatare kafin taro.