Wasiƙar Sashen Kimiyya: Aikin Renon Kiristal a Gida

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibai. Muna gaisuwa da fatan alheri.

A wannan zangon 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare za su reni kiristal a gida, da alam ɗin nan da ake tace ruwa da shi, da kuma gishirin miya. Idan kun ga kwalba da zare a ajiye a lungu, don Allah kada a zubar.

Kiristal shi ne daskararren abu wanda ƙwayoyinsa suka jeru bisa tsari ɗaya mai maimaituwa. Shi ya sa gishiri ke fitowa da fuska 6 kamar ƙwayar ludo, alam kuwa da fuska 8. Yana tsirowa ne idan ruwa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya fara sauke rarar.

A narka giram 50 na dakakken alam, wajen cokalin cin abinci uku zuwa huɗu, cikin mililita 200 na ruwan zafi. Babba ya kamata ya riƙe butar. A tace da tsumma mai tsabta, a bar shi ya kwana. Da safe za a ga ƙananan kiristal a gindin kwalbar. A zaɓi guda mai haske kamar girman wake, a ɗaure shi da zaren fatsa, a juye ruwan a wata kwalba, a rataya shi a jikin fensir yadda ba zai taɓa gefe ko ƙasa ba. A rufe bakin da takarda.

Yawancin matsalolin daga gaggawa suke. Idan ruwan da sauran ɗumi, ƙaramin kiristal ɗin da aka rataya zai narke gaba ɗaya. Zaren auduga yana da gashi, kowane gashi kuma zai tara nasa ƙananan kiristal su cinye abincin babban. Ƙurar hunturu ma haka take yi. Kwalbar da ke bakin taga tana narkar da shi da rana, da dare ya girma da sauri, sai ya fito dishi-dishi saboda ruwan da ya maƙale a cikinsa. Gindin randa ya fi ko'ina, don sanyinsa bai cika sauyawa ba. Wanda ya faɗi ƙasa kuwa falle zai zama, tunda fuskar da ya kwanta a kai ba ta samun komai.

Gishiri halinsa daban ne. Mililita 100 na ruwa giram 36 yake ɗauka, zafi ba ya ƙara masa abin kirki, don haka sai an jira ruwan ya ƙafe a faranti. A busasshiyar iska ƙafewar tana sauri, gefuna da kusurwoyi su riga tsakiyar fuska girma, sai a sami ƙwaya mai rami da matakala a ciki. Wannan ba ɓaci ba ne, a kawo mana shi haka nan, da makinsa.

Za mu nuna musu hoton kogon Naica na ƙasar Meziko, wanda aka gano a 2000, inda kiristal ɗin jibsam, wani farin ma'adini, ya haura mita 10 saboda ya shafe dubban shekaru cikin ruwa mai ɗumi da bai sauya ba.

Ba a ɗanɗana ruwan alam, a nesanta shi da ƙananan yara. Bayan mako biyu kowane ɗalibi ya goge nasa, ya naɗe a takarda, ya taho da littafin da yake zana siffarsa kowace rana.

Malaman Sashen Kimiyya