Abin da wayata ta nuna mini a filin besbol

Bronx, New York
Daren Lahadi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka a kan hoton nan da na tura maka ina riƙe da kulki, da hular kwano a kaina. Ka ce in ba ka labari dalla-dalla, to ga shi a rubuce, don abin ya fi ƙarfin saƙon murya.

Sunan wasan besbol. Unguwarmu ba ta da nisa da filin ƙungiyar Yankees, wanda aka buɗe a 2009. Tsohon filinsu da ke tsallaken titi an rushe shi, aka mai da wurin filayen wasa na jama'a. A can muke haɗuwa ranar Lahadi da abokan aikina, galibinsu 'yan Jamhuriyar Dominika. Su da wasan suka tashi, kamar yadda muka tashi da ƙwallon ƙafa a layinmu. Ni kuwa sai da na girma na fara riƙe kulki.

Mai jifa yana tsayawa nisan mita 18 da ɗan ɗoriya daga mai duka. Ƙwararru suna jefo ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 150 a awa, kafin rabin daƙiƙa ta cika ta iso gabanka. Kulkin mulmulalle, ƙwallon ma mulmulalliya. Shi ya sa wanda ya dace sau uku cikin goma sunansa gwani. Ted Williams na ƙungiyar Boston ya ɗan haura huɗu cikin goma a 1941, har yau ana ba da labarin. Masu jifan da muke fuskanta ba su kai ko kusa da gudun ƙwararru ba, amma duk da haka bara na sha wuya. Kakar wasa sukutum, in ban kai duka a iska ba, to ƙwallon za ta gangara a ƙasa ba ƙarfi, a tsince ta kafin in yi taku biyar. Abin ya dame ni ƙwarai, har nakan kwana ina juya shi a raina.

Shawara kuwa ba irin wadda ban sha ba. Wannan ya ce in ɗaga gwiwar hannu, wancan ya ce in sauke ta, wani ya ce kulkin ya yi mini nauyi. Sai wani dattijo da ke zuwa kallonmu ya ja ni gefe. Ya ce kafin in ƙara jin ta bakin kowa, in fara ganin kaina tukuna. Shi ya ba ni labarin Tony Gwynn na ƙungiyar San Diego. A 1983 wasa ya ƙi masa, ya sa matarsa ta riƙa naɗar wasanninsa daga talabijin a kaset ɗin bidiyo, in ya dawo gida ya zauna ya yi ta kallo yana mayarwa baya. A lokacin ba kasafai 'yan wasa ke yin haka ba. Mutumin nan sau takwas yana zama zakaran duka a rukuninsu. Dattijon ya nuna aljihuna, ya ce abin da Gwynn yake jigila da shi a akwati, ga shi nan ina yawo da wanda ya fi shi.

Washegari na tafi wurin atisaye, irin kejin nan mai raga da inji ke harbo ƙwallo. Na jingina wayata da jaka a kan benci, daidai tsayin ƙuguna, tana fuskantar ƙirjina, na sa ta a tsarin da ke ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa guda. Na yi duka ashirin, na zauna na kunna.

Aminina, gani ya kori ji. Da ka tambaye ni kafin ranar, zan iya rantsuwa cewa kaina ba ya motsi in ina duka, idona na kan ƙwallo har ƙarshe. A hoton akwai wani ƙarfen raga da ya faɗo daidai bayan kunnena. Da na riƙa tura bidiyon da ɗan yatsa, hoto bayan hoto, tafiyar hawainiya, sai na ga kaina ya bar ƙarfen nan da kusan taƙi guda tun ƙwallo ba ta iso ba. Kafaɗata ta hagu, wadda ke gaba tunda ni badame ne, tana buɗewa tun ƙafar gaba ba ta sauka ƙasa ba, ta ja kaina ta tafi da shi. Lokacin da kulki ya iso, ƙarfin duk ya riga ya zube, hannu kaɗai ya rage. Na daɗe zaune a bencin nan ina maimaitawa. Abin da jikina ke gaya mini daban, abin da yake aikatawa daban.

Ka tuna 'yan damben da muke zuwa kallo bayan girbi? Wanda ya iya ba da hannu kawai yake kai naushi ba. Ƙafa ce ke kafewa, ƙugu ya juya, sannan hannu ya biyo daga baya. To haka dukan besbol yake: ƙafa, ƙugu, kafaɗa, hannu, a jere. Ni na birkita jerin.

A bidiyon na hango wasu kurakuran, wajen huɗu. Na so in kama su duka a lokaci ɗaya, mako biyu na ƙara rikicewa, sai na tuna taura biyu ba ta taunuwa. Na ware kafaɗar nan ita kaɗai. Akwai wani ɗan turke na roba da ake ɗora ƙwallo a kai a buga ta tana tsaye. Nakan ajiye shi ta gefen da ya fi nisa da jikina, in tilasta wa kaina tura ƙwallon zuwa ɓangaren dama na fili. In kafaɗa ta yi gaggawa, ƙwallon ba za ta je can ba, nan take za ta tona asiri. Duka goma, in duba waya, in rubuta abin da na gani a ɗan littafi, in koma. Daga baya na ƙara ɗauka ta baya, don hoton gefe ba ya nuna hanyar da hannu ke bi. Abu ɗaya da na lura: ranar da gyaran ya fara kamawa, ji na yi kamar na makara, kamar na ɗaure jikina. A bidiyo kuwa daidai yake. Saboda haka na daina yarda da jin jiki shi kaɗai sai hoto ya shaida.

Abin da ya ƙara mini ƙwarin gwiwa shi ne Aaron Judge, da ke wasa a nan tsallaken titi. A 2016, cikin karo 84 da aka lissafa masa na shiga duka, sau 42 aka fitar da shi bai iya sa ƙwallo cikin fili ba. Ya koma ya sake gina dukansa, shekarar da ta biyo ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 52.

Yau da rana na shiga sau huɗu, na dace sau biyu. Na biyun ƙwallon ta tafi miƙe, ta ratsa tsakanin masu tsaron baya ta dama, kuma hannuna bai ji ko girgiza ba, sai ƙarar katako mai daɗi. Dattijon nan ya ɗaga mini hularsa daga inda yake zaune. Yanzu saura takun ƙafata, wanda ya yi tsawo. Shi zan sa a gaba cikin hunturu, tunda kejin a cikin gini yake, sanyi ba ya hana shiga.

Ka ce yaran da kake horarwa suna yawan ɓarar da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Don Allah ka gwada ɗaukarsu da waya daga gefe, ka duba inda ƙafar da suke kafawa take sauka, ka turo mini mu duba tare.

Ka gaishe mini da Inna da Baba, da 'yan majalisarmu baki ɗaya. Zan kira ranar Juma'a bayan an sauko, in Allah ya yarda.

Naka har kullum,
amininka na Bronx