Wasiƙa zuwa ga aminina a kan murfin tagar jirgi

Maradi

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka, kuma na ga ɓacin ran da ka bayyana game da ma'aikaciyar jirgin da ta matsa maka sai ka ɗaga murfin taga lokacin da kuke shirin sauka, alhali rana tana dukan idonka. Ka ce ka ɗauki abin a matsayin nuna iko kawai. Ina roƙonka ka sassauta mata, domin aikinta take yi, kuma ranka take karewa.

Ni ma sai da na je Umara daga Yamai na fahimci dalilin. Wani dattijo da ke kusa da ni ya rufe tagarsa yana jan carbi, sai ma'aikaciyar ta durƙusa ta ce, "Baba, a yi haƙuri a buɗe, mun kusa sauka." Ita kanta da ta koma kujerarta, na lura idonta na kan fiffike har ƙafafun jirgin suka taɓa ƙasa.

Mafi yawan haɗurran jirgin sama a lokacin tashi da sauka suke faruwa, kuma ba a amince wa babban jirgi ya ɗauki fasinja sai an gwada cewa kowa zai iya ficewa cikin daƙiƙa 90, wato minti ɗaya da rabi, da rabin ƙofofin kaɗai. A wannan ɗan lokaci dole ma'aikaci ya san ɓangaren da wuta take kafin ya buɗe ƙofa, kada ya tura mutane cikinta. A ranar 2 ga Janairun 2024, wani jirgin Japan Airlines ya kama da wuta a filin Haneda na Tokyo, ma'aikatan suka duba waje suka buɗe ƙofofi 3 kacal cikin 8, mutum 379 da ke ciki duka suka tsira.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne haɗarin Kegworth na Ingila a 1989. Injin hagu ne ya lalace, matuƙan suka kashe na dama bisa kuskure, alhali wasu fasinjoji sun ga wuta tana fita daga na hagu, amma labarin bai isa gaba ba. Mutum 47 suka rasu. A manyan jirage, galibi matuƙi ba ya ganin injinsa daga inda yake zaune. Wanda ke bakin taga ne ke gani.

Akwai kuma batun ido. Ka san yadda mutum ke dushewar gani in ya fito daga ɗaki mai duhu zuwa tsakar ranar Maradi a watan Afrilu. Shi ya sa ake so ido ya saba da hasken waje tun kafin a sauka, da dare kuma a rage fitilun ciki.

Gaskiya ne ba ko'ina ake tilastawa ba. A Amurka doka ba ta wajabta shi ba, kowane kamfani da tsarinsa, amma ni ina ganin masu tilastawar sun fi gaskiya.

Tunda Hajiya za ta tafi aikin Hajji bana kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba, don Allah ka yi mata wannan bayani tun a gida, ka kuma gaya mata in ta ga hayaƙi ko wuta ta taga kada ta ji nauyin kiran ma'aikata. Ka gaishe ta da kyau, Allah Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya.

Naka amini,
daga Maradi