Kada ka buɗe akwatin wutar nan

Assalamu alaikum, ɗana.

Da fatan kana lafiya, ya karatu, ya ƙoƙari. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, tana gaishe ka.

Jiya da daddare ƙanwarka ta yi suɓul da baka, ta ce kwamfutar nan da ka yi wata da watanni kana tara kayanta ka gama haɗa ta, amma ta ƙi zama. Wai fankoki su juya, fitilu su kama, kafin ka ƙirga goma ta ɗauke, ta sake tashi da kanta, haka take ta yi. Wani lokaci ta kai ka har cikin Windows, ka fara murna, sai allo ya yi shuɗi a koma gidan jiya. Ta ce kwana uku ke nan ba ka yi barcin kirki ba. Duk wannan na saurara ban tanka ba. Abin da ya raba ni da barci shi ne maganar da ta ƙara a ƙarshe, wai ka ce kana zargin akwatin wuta, fawa saflai ɗin da ke raba wa kayan kwamfutar wuta, kuma za ka kwance shi ka leƙa cikinsa. Na kira ka sau huɗu ba ka ɗaga ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Zan dawo kan akwatin. Bari in fara da abin da za ka yi, don na san halinka, in na fara da hani ba za ka karanta sauran ba.

Kwamfutar da take kaiwa Windows ko sau ɗaya cikin biyar tana da rai. Furosesa, ƙwaƙwalwar injin, tana aiki, babban allo, wanda ake soka duk kayan a jikinsa, ya san da ita. Abu ɗaya ne ke tuntuɓe a wani wuri, kuma a shekarun da na yi a kan teburin gyara, sabon haɗi mai irin wannan ciwo yawanci wani abu ne bai zauna daram ba. Saboda haka ka nemi takarda da biro. Ka canza abu ɗaya, ka kunna, ka rubuta abin da ka gani. In ka taɓa uku a lokaci guda ta gyaru, ba ka san wanne ne ba, kuma ranar da ciwon ya dawo ba ka san inda za ka nufa ba.

Ka kashe makunnin baya, ka zare waya daga bango, ka fito da babban allon daga gidansa ka ɗora shi a kan kwalin da ya zo ciki. Na san za ka ji haushi, ka sha wahalar ɗaure wayoyi sun yi kyau. Haƙuri za ka yi. Ka duba 'yan ginshiƙan tagullar nan da allon ke zama a kansu, ka ƙirga su, ka ƙirga ramukan sukuru da ke jikin allon. In akwai guda ɗaya da ya yi rara yana tsaye inda babu rami, to yana gogar dalmar bayan allo, kuma shi kaɗai ya isa ya jawo duk abin da kake gani. A kan kwalin ka bar furosesa da mai sanyaya ta, ram guda ɗaya, wato sandar ma'ajiyar wucin gadi, da wayoyin wuta. Katin hoto ma ka cire shi in furosesarka na iya fitar da hoto da kanta, amma ka tuna na Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu ba sa iyawa. Wayoyin maɓallan gaba ka cire su duka, ka taɓa alluran nan biyu na kunnawa da bakin sukundireba ta tashi. Na taɓa kwana biyu a kan wata kwamfuta, ashe maɓallin sake kunnawa ne ya maƙale a ciki yake ta tayar da ita.

Yawancin alluna na yanzu suna da 'yan fitilu huɗu a gefe, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT, wato furosesa, ram, katin hoto da faifan da take tashi daga gare shi. Ka zuba musu ido lokacin da take tashi. Wadda ta tsaya a kunne, nan binciken allon ya cije. Ni dai da za a tambaye ni, tun ban ga injin ba, ram nake zargi. In ramuka huɗu ne a allon kuma ram biyu gare ka, wurinsu na biyu da na huɗu ne in ka ƙirgo daga furosesa, waɗanda littafin ke kira A2 da B2. Sabon rami yana da tauri. Mutum yakan danna yana tsoron karyawa, gefe ɗaya ya shiga, ɗayan ya rage kaɗan, a ido ka rantse ya zauna. Ka sa manyan yatsu biyu a kan gefe da gefe, ka danna har ka ji ƙas, maƙallin ya rufe da kansa. Ka gwada ɗaya shi kaɗai a A2, sannan ka musanya da ɗan'uwansa. In kuwa DDR5 ne, ka sani cewa a tashin farko allon yakan ɗauki mintuna yana daidaita kansa da ram ɗin, allon kallo baƙi ƙirin, har ya kashe ya kunna sau ɗaya ko biyu. Masu gajen haƙuri sukan kashe shi a tsakiyar haka, ya koma ya faro daga farko, su ce ya lalace. Ka ba shi minti goma kafin ka yanke hukunci.

Sai kuma abin da na tabbata ka yi tun ranar farko, don na san ka da son gudu: ka shiga BIOS, saitunan babban allo, ka kunna saitin ƙara wa ram gudu, XMP, ko EXPO in furosesar AMD ce. Lambar gudun da aka buga a jikin kwalin ram ba ita ce gudun da yake tashi da shi ba, ƙari ne ake tura shi ya kai, kuma ba kowace furosesa ke ɗaukar turin ba. Ka kashe shi. In ba ta barin ka ka shiga BIOS ɗin ma, ka zare wuta, ka cire ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga, CR2032, ka jira minti biyar ka mayar, komai zai koma yadda ya fito daga kamfani. Bayan nan ka sa manhajar gwajin ram, MemTest86, a filashi, ka bar shi ya zagaya sau huɗu, kai kuma ka je ka kwanta. Kuskure ko ɗaya ya nuna, akwai magana.

Zafi ma ka duba shi. A ƙasan mai sanyaya akwai siririyar leda da ake mannawa a kamfani, kuma manyan masu gyara ma sun sha mantawa da ita. Ka cire, ka goge, ka sa sabon man shafawa ɗigo ɗaya a tsakiya, ka ɗaure sukurori huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan, kada ka matse kamar mai ɗaure taya. Ka tsaya a BIOS ka kalli lambar zafi. In ba ta aikin komai amma tana hawa 80, tana neman 90, ka samo ɓarawonka, domin furosesoshin yanzu sukan rage gudu a wajen digiri 95 zuwa 100, in abin ya wuce nan su kashe kansu. Wayar wuta mai baki 24 da mai baki 8 ta furosesa, ka danna su har ƙugiyarsu ta kama. Kada ka rikita ta furosesa, mai rabuwa huɗu da huɗu, da ta katin hoto mai rabuwa shida da biyu.

In ta kai ka Windows, ka shiga saituna ka hana ta sake kunna kanta bayan ta faɗi, don shuɗin allon ya tsaya ka karanta. MEMORY_MANAGEMENT yawanci ram yake nunawa. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuka ne na kayan ƙarfe, furosesa ko wutar da ke zuwa mata. Kernel-Power 41 da za ka gani a kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru kada ya ruɗe ka, abin da yake faɗa kawai shi ne ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba. Sabunta BIOS ka bar shi zuwa ƙarshe, sai ta iya zama a cikinsa ba ta ɗauke ba, don in wuta ta yanke ana tsakiyar yi, allon na iya tafiya ke nan.

To, akwatin wuta.

Ba zan ɓoye maka ba, zarginka na iya zama gaskiya. In tana ɗaukewa ɗif kamar an hure fitila, ba shuɗin allo ba komai, musamman da zarar katin hoto ya fara jan wuta, ni ma can zan duba. Wannan ne ma ya ƙara tayar mini da hankali, don na san in ka gama duk abin da na lissafa ba ta gyaru ba, za ka zauna da ƙarfe biyun dare kai kaɗai a ɗaki, akwatin a gabanka, sukurori huɗu ne kacal tsakaninka da cikinsa.

Ka saurare ni da kyau. Duk abin da ke fitowa daga akwatin nan ta wayoyi bolt 12 ne, da 5, da 3.3. Shi ya sa na bar ka ka taɓa ko'ina a jikin allo. Cikinsa kuwa wata duniya ce. Wutar bango tana shiga, a miƙar da ita, a ɗaga ta zuwa kusan bolt 400, a tara a cikin babban kafasito mai kama da ɗan gwangwani. Zare waya daga bango ba ya zubar da abin da ya tara. Akwai ɗan abin da aka sa don ya tsiyaye shi a hankali, amma ka yi tunani mana: akwatin da kake zargin ya lalace, shi za ka amince wa cewa wannan ɓangaren nasa lafiya lau yake? Hatta ƙarafan sanyaya da ke ciki, waɗanda hannu ke fara kai wa, wasunsu na ɗauke da wuta. Ba ta ƙara, ba ta wari, ba ta haske. Hannu ɗaya a kan kafasito, ɗayan a jikin ƙarfen akwati, hanyarta ta ƙirjinka ce.

Ka san hannuna na dama. Ka san yatsu biyun nan da ba sa lanƙwasa, waɗanda kake ja kana dariya kana ƙarami. Talabijin ce da ta kwana a kashe, wayarta a naɗe a kanta, ni na naɗe ta da hannuna. Ina da shekara goma sha ɗaya a kan aikin a lokacin. Abin da na tuna shi ne ɗanɗanon ƙarfe a bakina, da farkawa a ƙasa kayan kanta sun zubo mini, hannun kamar ba nawa ba. Ni Allah ya yi da sauran kwana. Baffanka kuwa ka san yadda aka yi, ka kuma san abin da ya sa har yau kakarka take fita daga ɗaki in an buɗe bayan wani inji. Shi ma ya fi ka sanin aikin nesa ba kusa ba.

Kai me ka sani? Bidiyo nawa ka kalla har ka ga ka isa? Ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma na minti goma ba, ba ka da abin sauke cajin kafasito, ba ka san ɓangaren wutar bango daga ɓangaren fita ba. A ce ma ka buɗe lafiya, me za ka gani? Me za ka gyara? Ba abin da za ka samu sai yaga takardar garanti da ke kan sukuru, ka mayar da kayan da za a canza maka kyauta ya zama shara. Kuma kwana uku kana fama, ubanka da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wannan aiki yana nan da waya a hannu, sai a bakin ƙanwarka zan ji. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba.

Na san dalili. Har yanzu kana riƙe da marin nan na lokacin da kake shekara tara, da shekarun da na hana ka matsowa kusa da teburina. Kana ganin raina ka na yi. Ranar na juyo ne na ga hannunka saura kaɗan ya kai bayan talabijin, ko wata shida ba a yi da na Baffanka ba. Hannuna ya riga tunanina. Da na iya bayani a lokacin da na yi, ban iya ba, sai tsawa. Wataƙila tsawar ce ta sa yau kake ɓoye mini, kuma in haka ne laifin ba naka kaɗai ba ne.

Ga yadda ake gwada shi a rufe. In kana da mitar auna bolt, ka auna daga bakin waya tana kunne: layin 12 ya kamata ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Sai dai mita ba ta kama faɗuwar da ke zuwa cikin ƙiftawar ido, don haka gwajin gaskiya shi ne ka aro wani akwatin mai lafiya wurin aboki, wanda ƙarfinsa ya kai abin da katin hotonka ke buƙata. Ka aro shi da wayoyinsa. Kada ka soka wayoyin naka a jikin nasa ko da bakin ya shiga daidai, domin jerin alluran ɓangaren akwati ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani lokaci ma a cikin kamfani ɗaya, kuma haka ake ƙona faifai da allo a tashi guda. In ta zauna lafiya da na aro, ka mayar da naka cikin kwalinsa a rufe, da rasit, a canza maka. In kuwa ka taɓa jin ƙauri ko ƙarar tartsatsi daga cikinsa, ka zare shi yanzu, kada ka sake kunnawa ko don gwaji.

Ƙanwarka ta nuna mini hoton haɗin. Ka jera wayoyin da tsabta, ka kuma sa fankokin ta fuskar da ta dace, abin da ni sai da na yi kuskure sau da yawa kafin na iya. Na daɗe ina kallon hoton. Kada ka yi mata faɗa, ba da nufi ta faɗa ba.

Yau in ka dawo, ka ɗauki hoton akwatin ta gefen da takardar garantin take, ka turo mini in ga ba a taɓa ta ba. Sannan ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne, ka ajiye wayar a gefen kwalin mu fara da ram tare. Mahaifiyarka ba ta san da maganar akwatin ba, kuma ba ni da niyyar gaya mata.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.