A riƙa nuna wa ɗalibai gwajin harshen wuta da idonsu

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi kira ga 'yan'uwana malaman kemistiri a sakandarorin Zamfara. Yaranmu na haddace cewa in an sa su a harshen wuta, sodiyam na ba da rawaya, kalsiyam ja irin na jan bulo, jan ƙarfe kore mai shuɗi-shuɗi, fotasiyam kuma shunayya mai haske, amma da yawansu za su zauna WAEC da NECO ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Alhali gwajin bai fi minti ashirin ba, kayansa kuma ba su da tsada.

A buɗe ƙofar iskar fitilar Bunsen (murhun gas na ɗakin gwaji) gaba ɗaya har wutar ta koma shuɗiya, don wuta mai rawaya tana rufe duk launin da ake nema. A lanƙwasa bakin wayar nikurom (waya mai jure zafi) ya yi ɗan zobe, a tsoma a asid na haidirokulorik mai ƙarfi, a ƙona, a yi ta maimaitawa har wayar ta daina rina wutar. Sannan a sake jiƙa ta da asid, a dangwalo garin gishirin ƙarfen da ake gwadawa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, a riƙe a gefen wutar. Asid ɗin yana mai da gishirin ya zama kulorayid, wanda ya fi saurin zama tururi. Zafi yana ɗaga ilektoron, wani ɗan ɓangare na ƙwayar zarra, zuwa mataki na sama, in ya faɗo sai ya saki rarar ƙarfin a matsayin haske, kuma kowane ƙarfe da tazarar matakansa, shi ya sa kowanne da launinsa. Da wannan hanya masana kimiyya Bunsen da Kirchhoff suka gano ƙarfen siziyam a Jamus a 1860, da taimakon na'urar rarrabe haske.

Inda aka fi samun matsala shi ne sodiyam. Gumin yatsa kaɗai ya isa ya mayar da komai rawaya, haka ma ruwan rijiya ko na famfo. Kada a taɓa bakin wayar, kuma a zuba asid kaɗan a ƙaramin mazubi daban, kada a gurɓata kwalbar duka. Fotasiyam kuwa sai an duba ta shuɗin gilashin kobalt, wanda ke tare rawayar. A kashe fanka, a rage hasken aji.

Akwai darasi mai kyau a kicin. Kanwa, wadda ake kira fotash a kasuwa, rawaya zalla take bayarwa, domin yawancinta sodiyam ne. Fotasiyam na gaske yana cikin ruwan tokar karan dawa. A tace, a ƙafar da shi, a gwada su biyun gefe da gefe. Ɗalibi ba zai manta ba.

Inda babu waya, a narka giram 5 na gishirin a mililita 50 na tataccen ruwa, a jiƙa tsinken itace ya kwana, a gifta shi ta cikin wutar kafin ya kama ci.

Roƙona mafi girma: kada a zuba sifirit ko metanol a faranti a kunna don launi ya fito da kyau. Wutarsa ba ta ganuwa sosai da rana, wani ya ƙara zubawa daga kwalba, ta bi tururin ta watsu kan yara. An sha samun mummunar ƙuna ta haka a makarantun Amurka. Gishirin bariyam kuma guba ne, malami kaɗai ya taɓa shi, da tabaran kariya.

A kuma faɗa wa ɗalibai iyakar gwajin. Dalma ba ta ba da launin da za a dogara da shi, don haka kada kowa ya ɗebo ƙasar wurin haƙar zinariya mai ɗauke da dalma daga Anka ko Bukkuyum ya kawo aji da sunan gwaji. Mun ga abin da ƙurarta ta yi wa ƙananan yara a 2010.

Malamin kemistiri,
Gusau, Jihar Zamfara.