Shekara ashirin ina riƙe da biron jam'iyya, yau ni kaɗai na rage

Assalamu alaikum Malam. Ina sauraron shirinka kowane mako, yau ni ma na kawo tawa. Daga Maradi nake rubutowa, ni tela ne, shekaruna hamsin da 'yan kai. Don Allah a sakaya sunana.

Na shiga wata ƙaramar jam'iyya gab da zaɓen 2004, ta hannun abokin mahaifina wanda nake kira Baba. Shi ya saya mini keken ɗinki na farko, don haka da ya ce in zo, ban tsaya tambaya ba. A lokacin in muka kira taro a unguwa sai mun aro tabarmi daga maƙwabta. Ni ke ɗinka tutoci, ni ke riƙe da littafin sunaye, ni na riƙa bin fada-fada ina shan shayi da samari har suka karɓi kati. Mata kuwa saboda matata suka shigo, 'yan adashinsu ne.

Abin da ya cinye mu ƙawance ne. Kowane zaɓe, in an je zagaye na biyu, sai manyanmu na Yamai su kai mu wajen wanda suke ganin zai ci, a ba mutum ɗaya ko biyu kujera, shi ke nan. Samari suka ce mini, tunda ƙarshenta can za a kai ƙuri'armu, me zai hana mu je da ƙafarmu? Ban sami amsar ba su ba. Wasu suka canza sheƙa, wasu suka ɓalle suka kafa tasu. A zaɓen 27 ga Disamba 2020, cikin kujeru 171 na majalisa ko ɗaya ba mu samu ba, a rumfar unguwarmu ma ƙuri'unmu ba su kai yawan mutanen gidana da na Baba ba. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, don na gane har cikin na kusa akwai waɗanda suka juya.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da harkokin jam'iyyu, a Maris 2025 kuma aka rushe su gaba ɗaya. Na ɗauka na huta. Sai ga Baba, ya tsufa har ba ya fita, ya kira ni ya ce in ci gaba da biyan hayar ɗakin da muke biro, wato ofishin jam'iyya, in adana kujeru da littafin, wai siyasa za ta dawo. Jika goma nake biya kowane wata daga ɗinki, ga bashin kamfe na 2020 da na ci da sunana wajen mai yadi a kasuwa, har yau ban gama ba. Matata ta ce kuɗin makarantar yara nake zubawa a ɗakin da ba kowa. Gaskiyarta ce, na sani.

Malam, ba na son in saɓa wa mutumin da ya tsaya mini kamar uba, kuma ba na son in yi masa ƙarya in ce ɗakin yana nan bayan na mai da makulli. Shin alkawarin da na yi masa yana kaina har yanzu, tunda jam'iyyar ma babu ita? In kuma zan saki, da wane baki zan faɗa masa, kuma wa ya dace in tafi da shi?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka daga Maradi