Wasiƙa zuwa Kumasi a kan littattafan da ka nema

Sakkwato, daren Lahadi.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan'uwa na zangon Kumasi, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni. Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya shigo da ƙurarsa, sabuwar albasa kuma ta fara fitowa daga wajen Wurno da Goronyo.

Ka ce in zaɓo maka abin da za ka riƙa karantawa da dare bayan ka rufe rumfa, a kan kasuwanci da tarihin wasanni da rayuwar manyan mutane, har ka ambaci littattafan nan da ake tallatawa a tasha, masu alkawarin arziki idan mutum ya bi ƙa'idoji bakwai ko goma. Waɗannan kam ka bar su. Na saya na karanta uku daga cikinsu a shekarar da jarina ya karye, ban sami shafi ɗaya da ya gaya mini yadda ake fuskantar mai bin bashi da sassafe ba. Tun daga lokacin, idan na ɗauki littafin wani ɗan kasuwa ko ɗan wasa ko shugaba, abin da nake fara nema shi ne inda aka ba da labarin ranar da ya ci bashi ko ya sha kaye, kuma da wannan mudun na auna duk waɗanda zan ambata maka.

Na farko, wanda na fi so ka fara da shi, shi ne Caravans of Kola na Paul Lovejoy, wanda ya fito a 1980. Tarihin fataucin goro ne tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja daga 1700 zuwa 1900, wato hanyar da kake ci da ita yau, sai dai su da jakuna suka bi ta, kai da tirela. A ciki za ka ga Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da yadda madugu yake tafiyar da ayari wata da watanni daga zango zuwa zango, yana sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, har a sauka Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja. Suna ɗaukar kanwa da tufafi da kayan fata su dawo da huhunan goro, kuma a cikin kayan da suke kaiwa har da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Ranar da na karanta wannan, a kan tabarma bayan sallar isha'i, da fitilar caji da ƙamus a gefena, sai da na yi dariya ni kaɗai, domin ashe albasarmu ta daɗe da sanin hanyar Gana kafin a haifi kakanninmu. Abin lura a gare ka shi ne abin da ya sami Salaga: da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, ƙarfin masarautar Asante ta Kumasi a arewa ya ragu, ciniki ya fara komawa wasu garuruwa, kasuwar da ake ganin ba za ta taɓa mutuwa ba ta dusashe, fataken da suka tsira kuwa su ne waɗanda suka sake hanya da wuri. Alhasan Ɗantata, wanda Ba'agale ne haifaffen Bebeji, daga wannan fatauci ya taso, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas, daga baya ya koma sayen gyaɗa a Kano, ya rasu a 1955. Turancin littafin yana da nauyi, na jami'a ne, amma kai da ka san aikin dillali da la'ada za ka riga ɗalibai fahimtarsa.

Ƙaninsa shi ne littafin Abner Cohen na 1969, Custom and Politics in Urban Africa, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya rubuta. Ka tsallake babin farko idan ya gundure ka, ka je inda yake bayanin cinikin shanu: baƙo ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, dillalan maigida su sayar wa mahautan gari bashi, idan mahauci ya ƙi biya kuwa maigida ne zai biya daga aljihunsa, domin in ya bari sau ɗaya, labari zai riga shi isa Arewa, babu wanda zai sake sauka gidansa. Dukiya mai yawa tana yawo babu takarda babu banki, sai suna da amana. Na san za ka ga kanka a ciki, kai da ake aiko wa buhu ɗari da waya kawai.

Na Turawa kuwa, ɗaya ya ishe ka, wato Shoe Dog na Phil Knight, mai kamfanin Nike, wanda ya fito a 2016. Ya fara da sayar da takalman gudu na Japan daga bayan motarsa a 1964, sunan Nike bai zo ba sai 1971, alamar da ke jikin takalmin kuma dala 35 aka biya ɗalibar da ta zana ta. Abin da ya sa na yarda da littafin shi ne kusan rabinsa kukan rashin kuɗi a hannu ne: ciniki yana ninkawa kowace shekara, amma kowane kwabo yana cikin kaya, har a 1975 bankinsu ya rufe musu ƙofa, wani kamfanin fatauci na Japan ne ya biya bashin ya cece su. Laifinsa ɗaya a wurina, zargin da aka yi wa kamfanin daga baya a kan halin ma'aikatan masana'antu a Asiya ya ratsa shi a gurguje, kamar mai tsallake kwata.

A fannin wasanni, ka nemi African Soccerscapes na Peter Alegi, na 2010. Gajere ne, kuma ya nuna yadda ƙwallon da Turawa suka kawo ta zama makamin neman 'yanci. Gasar cin kofin Afirka ta farko a Hartum aka yi ta a 1957 da ƙasashe uku kacal, Masar da Sudan da Habasha, saboda an cire Afirka ta Kudu da ta ƙi haɗa baƙi da farare a ƙungiya ɗaya. A 1966 ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa gasar cin kofin duniya, domin gurbi ɗaya aka ce su yi takararsa da Asiya, kuma ƙauracewar ta yi amfani, tunda a 1970 an ba Afirka nata gurbin, Maroko ta je. Gana ta Nkrumah ta ɗauki kofin Afirka a 1963 da 1965. Idan ka wuce ta babban filin wasa na Kumasi, ka tuna cewa ɗan ƙwallon Gana Baba Yara da aka sa wa filin sunansa haɗarin mota ne ya nakasa shi a 1963 yana tsakiyar tashensa, ya rasu a 1969. Don ɗanka mai son dambe, akwai King of the World na David Remnick a kan tasowar Muhammad Ali da yadda ya kayar da Sonny Liston a 1964.

Nan ne raina yake ɓaci. Ali yana da littattafai ba iyaka, amma abin da ni da kai muka sani na Shago, gwarzon damben gargajiya, daga bakin mawaƙi Ɗan Anace muka ji shi a rediyo, da bakin tsofaffin mahauta. Na yi niyyar bana in fara zama da waɗanda suka ga damben wancan zamani ina rubuta abin da suka faɗa, ko da a littafin makaranta ne, kafin ƙasa ta rufe idanunsu.

Rayuwar manya kuma, ka fara da na gida. My Life na Sardauna Ahmadu Bello ya fito a 1962 yana kan kujerar Firimiya, saboda haka akwai kara da taka-tsantsan a cikinsa, kamar yadda ya dace da mai mulki. Ka haɗa shi da babban littafin John Paden na 1986, wanda ya tattauna da mutane da yawa da suka yi aiki da shi. Ka tsaya sosai a kan shekarun da suka biyo bayan 1938, lokacin da sarautar Sarkin Musulmi ta koma ga Abubakar na Uku, shi kuma aka naɗa shi Sardauna aka tura shi Gusau, da shari'ar kuɗin jangali da ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Wanda bai san waɗannan shekaru ba, rawani kawai ya sani. Sai The Caliph's Sister na Jean Boyd, na 1989, a kan Nana Asma'u, wadda take yarinya lokacin hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da ƙaura da mutuwar dangi, sannan ta kafa 'Yan Taru, tana ba jagororin mata, waɗanda ake kira jaji, malfa tana aika su ƙauyuka da waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci su karantar da mata. Wannan ka ba uwargida ta karanta tare da 'yan matanka. Idan Turanci ya gajiyar da kai, akwai Shata Ikon Allah, tarihin Mamman Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta da Hausa.

Lovejoy da Cohen da Boyd suna hannuna, zan naɗe su a leda in ba direban da zai ɗauko maka kaya ranar Alhamis. Paden ba zan aiko ba, domin wanda na ara wa shi bara ya dawo mini da shi babu bango, da tabon shayi a kan hoton Sardauna, kuma har yanzu ban kai shi an ɗinke ba. Sauran ka sa ɗanka ya nemo maka su ta intanet ko a shagunan littattafai na Akara. Idan ka sami dama ka je Salaga, ka ɗauko mini hoton tsofaffin rijiyoyin garin.

Ka gaida uwargida da yara da maigidanku na zango. Allah Ya ba da kasuwa, Ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka na Sakkwato.